Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar NCC: mun gaji da bin ɓarauniyar hanya zuwa IPv6

Zuwa ga Shugaban Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC), Maitama, Abuja.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina neman afuwa idan wasiƙar ta yi tsawo. Ni ba injiniyan babban kamfani ba ne. Sana'ata hawa tsani ce a Kano: in ja wa makarantu da shaguna da ƙananan asibitoci waya, in saita musu rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ko ofis, in maƙala kyamarorin tsaro. Na rubuto da Hausa ne don mutanen da nake yi wa aiki su ma su karanta, su fahimci abin da nake nufi duk lokacin da na ce musu laifin ba daga kyamara yake ba. Maganar a kan IPv6 ce, sabon tsarin adireshin intanet da nake roƙon a kawo mana.

Bari in fara da wani Alhaji mai sito a kasuwar Dawanau, dillalin riɗi. Na sa masa kyamarori takwas. Buƙatarsa ɗaya ce, yana zaune a gida ko ya tafi Umra ya buɗe waya ya ga abin da ake lodawa. Muna cikin siton, wayarsa na kan wayfai ɗin wurin, hoto tar kamar madubi. Muka fito bakin titi ya kunna data, sai aka fara kwan gaba kwan baya. Lebura ya sunkuya zai ɗauki buhu, hoto ya daskare. Kafin ya motsa, mutumin ya riga ya kai bakin mota. Na yi masa bayani cewa hoton ba kai tsaye yake zuwa ba, sai ya fita ƙasar waje ya biya ta saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ya ƙera kyamarar, sannan ya dawo. Ya kalle ni ya ce, "Malam, daga nan zuwa gidana ko rabin awa ba a yi. Me ya kai hoton sitona wata ƙasa?"

Amsar tana cikin rautar da ke rataye a bangon siton. Idan ka shiga shafin saitinta ka duba adireshin da kamfanin sadarwa ya ba ta, za ka ga ya fara da 100.64. Duk mai wannan sana'a ya san ma'anar lambar nan. Ba adireshin da duniya ke iya gani ba ne, lambar ɗaki ce a cikin gidan haya. Siton Alhaji yana iya aika saƙo waje, amma babu wanda zai iya ƙwanƙwasa masa ƙofa daga waje, ko da mai siton ne da kansa.

Na san a hukumarku an san tarihin nan, amma don masu karatu zan ɗan taɓa shi. Tsarin adireshin da intanet ta taso da shi, IPv4, an rubuta shi a 1981, kuma iyakar abin da zai iya ɗauka adireshi kusan biliyan 4.3 ne. A lokacin an ɗauka ba za su taɓa ƙarewa ba, aka yi ta rabo da hannu biyu. Jami'ar MIT a Amurka ita kaɗai ta taɓa riƙe sama da miliyan 16, kamfanonin Ford da Apple ma kowanne ya sami kwatankwacin haka. Mu da wayar GSM ta zo mana a 2001, mun iso ne bayan an kwashe tuwo. A ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA, mai riƙe da babban rumbun adireshi na duniya, ta raba ragowar rumbunta ga ofisoshin yankuna biyar na duniya. Na yankin Asiya ya shiga ƙarshen rabonsa a Afrilun wannan shekarar, na Arewacin Amurka ya ƙare a Satumban 2015, na Turai ya share ƙasan tukunya a Nuwamban 2019. Namu na Afirka, AFRINIC da ke Morishos, tun Janairun 2020 ba ya ba wa mai nema fiye da adireshi 1,024 a lokaci guda, ga shi kuma shari'o'i sun dabaibaye shi har kotu ta naɗa masa mai riƙon ƙwarya a 2023. Duk abin da aka ba nahiyar nan gaba ɗaya bai kai yawan layukan wayar da ke aiki a Najeriya kaɗai ba.

Abu ya koma kasuwa. Tun a 2011 Microsoft ta sayi adireshi 666,624 daga rusasshen kamfanin Nortel a kan dala miliyan 7.5, kuma daga baya farashin guda ɗaya ya taɓa haura dala 50. Daga 1 ga Fabrairu 2024 Amazon ta fara cajin masu hayar sabobinta rabin santi a kowace awa kan kowane adireshi, wato kusan dala 44 a shekara. Lambar da aka taɓa rabawa kyauta ke nan.

Dabarar da kamfanoninmu suka kama ita ce wadda ake kira CGNAT: a tara ɗaruruwa ko dubban mutane a bayan adireshi guda. Waɗanda suka yi zamanin wasiƙa a ƙauye za su tuna yadda ake rubuta "ta hannun hedimasta" a bayan ambulan, gari guda akwati ɗaya. To haka muke a intanet yau, sai dai wannan hedimastan ba ya karɓar wasiƙar kowa sai wadda ta zo amsa ce ga wadda aka aika ta hannunsa. Ban ce dabarar ba ta yi rana ba, da ita aka kai miliyoyin mutane kan intanet. Amma tana da kuɗin da talaka ke biya bai sani ba. Idan mutum ɗaya a cikin taron ya yi ɓarna, shafin da aka yi wa ɓarnar adireshin yake gani, sai ya toshe kowa. Shi ya sa yarinya za ta zo cike fom a shago a yi ta nuna mata hotunan fitilun titi ana cewa ta tabbatar ita ba mutum-mutumi ba ce. Shi ya sa shafuka irin Wikipedia, da ke hana mai ɓarna ta hanyar toshe adireshinsa, toshewarsu kan haɗa da masu gyara da ba su ji ba ba su gani ba. Kiran bidiyo da zai iya tafiya kai tsaye tsakanin wayoyi biyu, sau da yawa dole ya nemi ɗan aike a tsakiya.

Akwai ɓangaren da ya fi shafar ku. Tun Disamban 2020 aka sa mu layi a rana don haɗa lambar NIN da layukan waya, da hujjar a san wanda ke bayan kowane layi. Amma idan an damfari mutum ta intanet aka samo adireshin da aka yi aikin da shi, sai a tarar mutane dubu ne suka yi amfani da shi a wannan sa'ar. 'Yan sandan Tarayyar Turai, Europol, sun fito fili sun koka da wannan a 2017. A Beljiyam an yi yarjejeniya da kamfanoni cewa kada a tara fiye da mutum 16 a bayan adireshi guda, kuma ƙasar ta daɗe tana sahun gaba a amfani da IPv6. Ina faɗar wannan da taka-tsantsan, domin sauƙin gano mai laifi shi ne kuma sauƙin gano mai faɗar gaskiya, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ba ado aka yi ta ba. Sai dai cunkusa jama'a a bayan lamba ɗaya bai kare sirrin kowa ba, kamfani ya san komai, ɗan kasuwa ne kawai ya rasa ƙofar sitonsa.

Maganin kuwa ba sabo ba ne. An fitar da tsarin IPv6 tun Disamban 1995, kafin a haifi yawancin yaran da nake koya wa aiki. Yawan adireshinsa lamba ce mai 340 a gaba da wasu lambobi 36 a bayanta. Mafi ƙanƙantar rabon da AFRINIC ke ba kamfanin intanet ya isa a yanka wa gidaje sama da miliyan 16 kowanne nasa yanki, kuma a cikin yankin gida guda kowace waya da kyamara da talabijin za ta sami lambarta. A ranar 6 ga Yuni 2012 manyan shafuka irin su Google da Facebook da YouTube suka kunna shi suka bar shi a kunne. Alƙaluman Google na nuna sama da kashi 40 cikin 100 na masu shiga shafinsa a duniya da IPv6 suke zuwa, a Faransa da Jamus da Indiya abin ya wuce kashi biyu cikin uku. Mu muna can ƙasa, ko rabin matsakaicin duniya ba mu kama ba. Abin takaici shi ne kamfanoninmu da dama sun riga sun karɓi rabonsu daga AFRINIC. Yana rubuce da sunansu a rajista, yana zaune kamar filin da aka yi wa katanga aka manta.

Na taɓa kiran sashen kula da abokan hulɗa na wani kamfani da ba zan ambata ba. Na tambayi yarinyar da ta ɗauki wayar ko suna ba da IPv6. Ta ce in kashe na'urar in jira minti biyar in kunna. Na sake bayani a hankali, ta ce ko sabon tsarin data nake nufi, akwai mai garaɓasar dare. Ban ga laifinta ba, abin da aka koya mata ta faɗa. Daga baya na sami wani injiniyansu a wurin ɗaurin aure, ya yi dariya ya ce, "Ai babu mai tambaya. Ku da kuke so, ku yi tanal mana."

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na yi tanal ɗin, na kuma san ɗanɗanonsa.

Ga wanda bai sani ba, tanal rami ne ake haƙawa ta ƙarƙashin tsohuwar hanya. Rautarka za ta ɗauki saƙon IPv6 ta sa shi a ambulan ɗin IPv4, ta aika wa wata na'ura mai nisa wadda ke da IPv6 na gaske, can a farke ambulan a saki saƙon ya kama gabansa. Amsa ma ta nan za ta biyo. Akwai masu ba da wannan hidima kyauta, fitacce a cikinsu Hurricane Electric na Kalifoniya, kuma duk wanda ya koyi IPv6 a ƙasar nan da hannunsa yana da bashin godiya a wuyansa ga irin waɗannan mutane. Daren da na fara haƙa nawa a rautar ofis, na zaɓi mafita a Landan, na kwafe lambobi, na buga gwaji, amsa ta dawo daga adireshi mai tsawo da haruffa a cikinsa. Wallahi na yi murna kamar yaron da aka saya wa keke. Na kwana ina ba kowace na'ura a ofis lambarta, har firinta.

Murnar ba ta yi mako ba na fara ganin matsaloli. Ta farko nisa. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma wayar Glo-1 da ta tashi daga Legas zuwa Ingila ta ƙarƙashin teku tsawonta kilomita 9,800 ne. Zuwa da dawowa kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ke nan, ba a sa tafiyar Kano zuwa Legas a lissafi ba. Wannan ba sakacin kowa ba ne, iyakar gudun haske ce, babu kuɗin da zai rage ta. Idan kuwa abin da nake nema a Najeriya yake, sai saƙon ya je Landan ya dawo, amsar ma ta je Landan ta dawo. An kafa cibiyar musayar intanet ta IXPN tun 2006 don zirga-zirgar cikin gida ta tsaya a gida, an kawo rumbunan manyan shafuka Legas don bidiyo ya daina tsallaka teku. Mai rami ya yi wa duk wannan ƙoƙari tsallake. Kamar mai kai kaya Wudil daga Kano ne a ce sai ya biya ta tashar jirgin ruwan Apapa.

Ta biyu ta fi cin rai domin ba ta nuna kanta. Ƙunshin saƙo a yawancin hanyoyi ba ya wuce bayit 1,500 (bayit ma'aunin girman saƙo ne). Ambulan ɗin rami yana cin 20, saura 1,480. A IPv6 rautocin kan hanya ba sa gutsuttsura ƙunshin da ya yi girma, jefar da shi suke yi su aika wa mai shi sanarwa cewa ya rage. Idan wata katangar tsaro a tsakiya ta haɗiye sanarwar, shi ke nan, babu wanda ya san abin da ya faru. Shafi zai buɗe rabi ya tsaya, rubutu ya fito hoto ya ƙi, ƙaramin saƙo ya wuce amma takarda mai nauyi ta maƙale. Na yi kwana biyu ina zargin waya, na canza kan kebul, na zargi zafi, kafin na gane na sauke girman ƙunshin zuwa 1,280, mafi ƙarancin da tsarin ya yarda da shi. Wa zai yi wa mai shagon kemis wannan binciken?

Ta uku, ka zama baƙo a gidanka. Adireshin da rami ya ba ka ba na Najeriya ba ne, don haka shafuka sai su ɗauka kana Turai ko Amurka. Farashi ya fito da fam, wani shafin ya ce an shiga asusunka daga wata ƙasa ya kulle. Tun 2016 Netflix ta toshe masu zuwa ta irin waɗannan ramuka, don a wurinta ba su da bambanci da masu ɓoye ƙasarsu.

Sai ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Kowa ya ji a jikinsa, bankuna ma sun sha wuya. Amma ni na ga wani abu na daban. Akwai wata makaranta da nake kula da na'urorinta daga ofis, tafiyar da ba ta fi a hau adaidaita sau ɗaya ba. Layinta yana aiki, nawa yana aiki, duk muna cikin Kano, amma ba ma iya gaisawa, domin mahaɗarmu tana bayan teku. Da bakin azumi na hau babur na je na yi da hannu abin da na saba yi a zaune.

Ga kuma babban abin da injiniyan nan bai faɗa ba. Ramin kyautar da ake magana yana tafiya ne a kan wata ƙa'idar aika saƙo mai lamba 41, wadda ba ta iya ratsa CGNAT. Kafin ka haƙa shi sai kana da adireshin IPv4 na kanka wanda duniya ke gani, abin da ake sayarwa daban da kuɗi duk wata, idan ma an yarda a sayar maka. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ƙarancin adireshi ya fi cutarwa, mai layin waya da ƙaramar rautar data, shi ne ba shi da ikon bin ɓarauniyar hanyar ma. Abin da ya rage masa shi ne ya yi hayar saba a Turai da dala ya haƙa rami da manhajar WireGuard, kamar yadda na yi wa makarantar nan, a shekarun da katunan naira da yawa suka daina biyan kuɗi a waje. Cewa "ku yi tanal" amsa ce ga mutum ɗari, ba ga mutum miliyan 200 ba.

Su kansu masu ramukan sun daɗe da gane haka. Tsarin 6to4, wanda ke haƙa rami da kansa ba tare da rajista ba, an janye adireshin mahaɗarsa a 2015 saboda yawan lalacewa ba tare da an san wanda za a tuhuma ba. SixXS, wadda wasu 'yan sa-kai a Turai suka gudanar shekara da shekaru, wadda kuma raminta ke iya ratsa gidan haya, ta rufe a ranar 6 ga Yuni 2017. Dalilin da suka bayar ya kamata a rubuta a bangon ofishinku: sun lura kamfanonin intanet sun mayar da su hujjar ƙin yin aikin, duk wanda ya tambaya sai a turo musu shi. Suka ce wa masu amfani da su kowa ya koma ya matsa wa kamfaninsa. Na matsa wa nawa, kun ji amsar da na samu, shi ya sa na zo gare ku.

Kada a ce abin na ƙasashen masu kuɗi ne. Indiya ta hau sama ne saboda kamfanin sadarwa na Jio, da ya fara a Satumban 2016, ya gina hanyarsa da IPv6 tun daga tushe, kuma yawancin masu amfani da shi ba su ma san sunan abin ba. T-Mobile a Amurka ya daɗe yana ba wayoyi IPv6 zalla, tsohon tsarin ne yake bi ta fassara. Apple tun Yunin 2016 ba ya karɓar manhajar da ba ta aiki a kan IPv6 zalla. A nan gida ma, Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, da ya fara aiki a Janairun 2023 yana ba da IPv6 na asali. Wato tasa a kan rufin kwano a ƙauye tana kawo abin da wayar gilashin da aka ja cikin birni ba ta kawo ba. Ko ramin ma, idan dole ne, akwai na mutunci: kamfanin Free a Faransa ya kai wa abokan hulɗarsa IPv6 a 2007 ta rami, amma ramin nasa ne, a cikin hanyarsa yake farawa ya ƙare, adireshin na Faransa ne, idan ya lalace an san lambar da za a kira.

Ba na raina wahalar kamfanoni. Dizal, dala, masu gyaran titi da ke datse waya kullum, ɓarayin batir. Kunna IPv6 yana buƙatar taɓa tsarin caji, horar da ma'aikata, da fama da tsofaffin rautoci da ke hannun jama'a. Kuma ba ya kawo riba a wata uku, shi ya sa kowane manaja ke tura shi baɗi. Amma akwatunan CGNAT ma ba kyauta suke ba, kullum ƙara su ake yi, kuma duk bidiyon YouTube da ya bi ta IPv6 nauyi ne ya sauka daga kansu. Masu cewa gidan haya ya fi tsaro kuwa, aikin katangar tsaro suke jingina wa abin da ba ita ba. Rauta mai kyau tana rufe ƙofa ga baƙo ko da kowace na'ura na da adireshinta. Bambancin shi ne makullin yana hannun mai gida.

A Disamban 2021 kun yi gwanjon zangon 5G, kowane gurbi dala miliyan 273.6. A Janairun 2025 kun amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100, bisa sharaɗin inganta aiki. Wanda ya isa ya yi waɗannan ya isa ya ce ga ranar da kowane layin 4G da 5G zai riƙa samun IPv6 kai tsaye, ba sai mai waya ya shiga saiti ya taɓa komai ba. Roƙona na farko ke nan: a sa rana, a rubuta ta cikin sharuɗɗan lasisi. Gwamnatin Amurka ta yi wa ma'aikatunta irin wannan a Nuwamban 2020, da adadi da wa'adi. Taron bita a otal da hoton rufe taro sun yi yawa.

Idan kun tashi aunawa, don Allah kada ku tambayi kamfani ko yana da IPv6, zai ce eh, ya nuna takardar AFRINIC, kuma bai yi ƙarya ba. Ku tambayi kashi nawa na layukansa ne suka yi amfani da shi a watan jiya. Google da APNIC, ofishin rabon adireshi na yankin Asiya, suna auna wannan daga waje ba tare da neman izinin kowa ba. Ku riƙa buga sakamakon kamfani-kamfani, jiha-jiha, kusa da alƙaluman masu layi da kuke fitarwa, don kada a kunna a Ikoyi da Maitama a ce an gama da Najeriya. Kuma duk abin da ya bi ta ramin da ya ɓulla a wata ƙasa kada a ƙirga shi.

Akwai wata ƙofa da ke hannunku kaɗai, ta tantance na'urori kafin a shigo da su. Kasuwar Farm Centre cike take da ƙananan rautocin data, wasu ba su san IPv6 ba ko a mafarki, kuma duk wadda aka saya yau za ta yi shekaru a gidan wani. A daina ba sabuwar na'urar da ba ta iya shi shaida. Ga masu intanet na gida da na ofis kuma, a wajabta ba su yanki guda wanda rauta za ta raba wa na'urorin ciki, ba lamba ɗaya tilo ba, yankin ya zauna ba ya canzawa kullum, kuma a bar mai gida ya buɗe ƙofar da yake so. Wannan na ƙarshen shi ne zai warware matsalar Dawanau. Idan an ba da IPv6 amma kamfani ya toshe duk mai shigowa daga can sama, an sake gina gidan hayar ne da sabon bulo.

Gwamnati ma ta fara da kanta. Ku zauna da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta zamani, da Galaxy Backbone mai haɗa wa ma'aikatun gwamnati intanet, a ce duk shafin da ke ƙarƙashin .gov.ng ya amsa ta IPv6, duk kwangilar intanet da ma'aikata ko jami'a za ta bayar a sa shi cikin sharaɗi. Kamfani yana jin yaren kwangila fiye da na nasiha. Mu kuma masu hawa tsani a tuna da mu wajen horo, a kawo shi Kano da Kaduna da Maiduguri da Sakkwato, domin ranar da aka kunna, mu za a fara kira idan firinta ta ƙi aiki.

Alhajin Dawanau har yanzu yana kallon sitonsa ta sabar wata ƙasa, hoton yana tsayawa yana tafiya. Duk sanda muka haɗu sai ya tambaye ni ko an gyara hanyar. A makon jiya na sake duba rautarsa, na sauya saitin zuwa IPv4/IPv6 na kashe na kunna, kamar yadda nake yi duk bayan 'yan watanni ko Allah zai sa a dace. Gurbin IPv6 babu komai, ɗayan kuma 100.64 ne. Na ce masa na rubuta wa Abuja, ya ce in sanar da shi idan an amsa.

Na gode da sauraro. Allah ya yi jagora.

Naku,
Wani mai haɗa intanet da kyamarori, Kano.